Matasan kai uku da numfashin mai jego

Assalamu alaikum. Ni mace ce mai shekara 31, ina sana'ar ɗinki a cikin gida a Zariya, kuma wata uku ke nan da na haifi ɗana na huɗu. Tun da na gama wanka na koma kan keke nake jin jikina ya yi nauyi, har zobena ya matse ni, kuma idan na ɗan jima a sunkuye sai in ji numfashina ba ya kai ƙasa. Facalata ta ce zama ne ya jawo mini, ta ce ta gani a waya cewa tsayuwa tana ƙona kitse, saboda haka yanzu yankan kaya da guga da girki duk a tsaye nake yi, wani lokaci tun safe har la'asar. Ban ga na rage ba, sai ma ƙafafuna da suke kumbura da yamma. Da dare ba na iya miƙewa a kan katifa sai na tara matasan kai uku, kuma wani dare tari yakan tashe ni, sai na zauna a bakin gado kafin numfashi ya dawo. Maigidana ya ce gajiya ce da ƙiba. Don Allah wane irin zama ko tsayuwa ne zai rage mini nauyi, ya kuma gyara mini numfashi?

Daga wata baiwar Allah, Zariya.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Allah ya raya abin da aka samu, ya ba ki lafiyar shayarwa.

Kin tambaye ni irin zama da tsayuwar da za su rage miki nauyi, kuma zan amsa miki dalla-dalla, amma ƙarshen wasiƙarki ne ya hana ni sakat tun da na karanta, don haka da shi zan fara. Macen da ta haihu wata uku da suka wuce, wadda ba ta iya kwanciya sai ta tara matasai, ƙafafunta na kumbura, tari kuma yana tashin ta da tsakar dare, ba gyaran zama take bukata da farko ba. Tana bukatar likita ya duba zuciyarta, kuma ina roƙon ki da ki je gobe da safe, kada ki jira a gama ɗinkin da ke hannunki, kada kuma ki jira ranar da za ki kai yaro rigakafi. Ba ni da ikon gane cuta ta hanyar wasiƙa, kuma akwai abubuwa da yawa da kan kawo irin wannan, har da ƙarancin jini da hawan jini da asma. Sai dai alamomin da kika jera, idan suka haɗu a jikin mai jego, sun isa a ajiye komai a tafi asibiti.

Bari in bayyana miki dalilin da ya sa kwanciya take canza numfashi, domin idan kin fahimci wannan, ke da kanki za ki iya yi wa maigida bayani. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin da ake fasa cikin ragon layya ya ga wani tantani mai faɗi, mai tsoka, wanda ya raba ƙirji da ciki: huhu da zuciya suna sama, hanta da tumbi da hanji suna ƙasa. Mu ma muna da irinsa, kuma shi ne yake yin mafi yawan aikin numfashi. Idan ya tsuke sai ya sauka ƙasa, ƙirji ya buɗe, iska ta shiga. Idan ya saki sai ya koma sama kamar ƙwaryar da aka kife, iska ta fita. Babban mutum mai lafiya, yana hutawa, yakan yi haka sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, kuma kowane numfashi yakan ɗauki kimanin rabin lita na iska. A tsaye ko a zaune, nauyin kayan ciki yana ja ƙasa ne, saboda haka tantanin yana da filin sauka. Da zarar mutum ya kwanta rigingine, kayan cikin sai su kwararo su danne shi ta ƙasa, kuma iskar da kan saura a huhu bayan an fitar da numfashi takan ragu da rabin lita zuwa lita guda. Mai lafiya ba ya ma sanin an yi haka, domin huhunsa yana da rara mai yawa. Mai teɓa da mai tsohon ciki sukan ji shi sosai, shi ya sa za ki ga mai ciki wata tara ta fi son kishingiɗa da kwanciyar gefe.

Akwai abu na biyu da kwanciya take yi, kuma shi ne ya fi shafar ki. Idan mutum yana tsaye, jini kimanin rabin lita ko fiye yakan taru a ƙafafu da ƙasan ciki saboda nauyinsa. Idan ya kwanta, wannan jinin sai ya komo ƙirji, kuma ruwan da ya wuni yana taruwa a idon sawu shi ma yakan koma cikin jijiyoyi a hankali cikin 'yan sa'o'i. Zuciya mai ƙarfi takan karɓi wannan ƙari ta tura shi gaba ba tare da wata wahala ba. Zuciyar da ta yi rauni kuwa ba ta iya kwashe duk abin da ya zo mata, sai jinin ya cunkushe a jijiyoyin huhu, ruwa ya fara tsattsafowa cikin huhun, mutum ya farka da tari da haki bayan ya yi barcin awa biyu ko uku. Da ya tashi zaune ya sauke ƙafafunsa ƙasa sai jinin ya sake gangarawa, ƙirji ya sami sauƙi. Wannan zama a bakin gado da kika ambata, da matasan nan uku, jikinki ne ya samo wa kansa dabara ba tare da kowa ya koya masa ba. Likitocin zuciya suna ɗaukar wannan alama da muhimmanci, har sukan tambayi marar lafiya matasai nawa yake sawa, kuma ko adadinsu ya ƙaru a makonnin nan.

Akwai wani raunin zuciya da yake kama mata a watan ƙarshe na ciki ko a watannin farko bayan haihuwa, ko da ba su taɓa yin ciwon zuciya ba a rayuwarsu. Tsokar zuciyar ce take saki, ta kasa matsa jini da ƙarfin da ta saba. A garinku ma aka yi wasu daga cikin binciken da suka sa duniya ta san wannan cuta: a shekarun 1970 likitoci a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka rubuta yawanta a tsakanin matan yankin Zariya, kuma a lokacin sun danganta ta da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta, da yawan shan kunun kanwa. Daga baya wani babban bincike da aka yi a asibitoci da dama na Nijeriya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ya nuna cewa a Arewa maso Yamma cutar tana samun kusan mace 1 a cikin kowace haihuwa 100, wanda yana daga cikin adadi mafi yawa a duniya, kuma ya fi danganta ta da abubuwa irin su rashin wadataccen abinci da hawan jini na lokacin ciki. Na kawo miki wannan ne don ki san cewa abin da nake tsoro ba baƙon abu ba ne a wurin likitocinmu, sun san shi sosai, kuma mata da yawa zuciyarsu takan dawo daidai ko ta yi sauƙi ƙwarai idan aka fara magani da wuri. Jinkiri ne yake ɓata lamarin, kuma abin da ya fi jawo jinkirin shi ne yadda ake ɗaukar hakin mai jego da kumburinta a matsayin abin da kowace mace take yi.

Ina kuma shakkar cewa duk nauyin da kike ji kitse ne. Kitse ba ya taruwa da yamma ya baje da safe, kuma ba ya lotsawa. Ki danna babban yatsanki a kan ƙashin ƙwaurinki, ɗan sama da idon sawu, ki ƙirga zuwa goma sannan ki ɗaga. Idan ya bar rami wanda bai cike nan take ba, to ruwa ne. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce a ma'auni, kuma jiki yana iya tara lita uku ko huɗu kafin mutum ya lura da wani abu in ban da zobe da ya matse da takalmi da ya ƙi shiga. Idan haka ne, wunin da kike yi a tsaye ƙara miki kumburin yake yi, domin yana tara ruwan a ƙafafu da rana, shi kuma ya komo ƙirji da dare.

Yanzu ga maganar facalarki. Ba ƙarya ta yi gaba ɗaya ba, amma abin da ta ji an kambama shi ƙwarai. Jikin mutum yana cin makamashi ko da yana kwance bai motsa ba, domin ƙwaƙwalwa da hanta da zuciya da ƙoda ba sa hutu, kuma wannan aikin ɓoye shi ne yake cinye kusan kashi biyu bisa uku na abin da mutumin da ba ya aikin ƙarfi yake ƙonawa a rana. A ƙiyasce, mutum yana hutawa yakan ƙona kalori ɗaya (kalori shi ne ma'aunin makamashin da jiki yake samu daga abinci) a kowace awa a kan kowane kilo na nauyinsa. Tashi daga kwance zuwa zaune yana ƙara ɗan kaɗan, tashi daga zaune zuwa tsaye ma yana ƙara ɗan kaɗan, saboda tsokokin baya da cinya da sharaɓa suna riƙe da jiki, zuciya kuma tana ƙara bugu don ta ɗago jini daga ƙasa. Tambayar ita ce ko nawa ne wannan ɗan kaɗan. A shekarar 2018 wasu masu bincike na asibitin Mayo da ke Amurka suka tattara nazari 46 da aka yi a kan mutane fiye da 1,100, suka gano cewa bambancin zama da tsayuwa, a matsakaici, kalori 0.15 ne kawai a minti ɗaya. Ma'ana, mai nauyin kilo 65 da ya tsaya awa 6 maimakon ya zauna zai ƙona ƙarin kalori 54 ne kacal. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa yana da kalori kusan 120. Wato tsayuwar da kike yi tun safe har la'asar, da duk ciwon ƙugu da kumburin da take jawo miki, ba ta kai cokali ɗaya na man da kike zubawa a miya ba. Shayarwar da kike yi kuwa, ita kaɗai tana cin kalori kusan 500 a rana. Saboda haka ki daina azabtar da kanki da wannan tsayuwa daga yau, kuma kada ki rage cin abinci da sunan neman rama alhali kina shayarwa, kuma ba a san abin da ke damun ki ba tukuna.

Wani abu da mutane ba su cika sani ba shi ne cewa numfashi da kansa aiki ne da yake cin ƙarfi. A jikin mai lafiya, tsokokin numfashi ba sa cin abin da ya wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na iskar oksijin da jiki yake amfani da ita lokacin hutu. Idan huhu ya jiƙe da ruwa ko hanyoyin iska suka tsuke, wannan kaso yana iya haura kashi 20. Shi ya sa mai irin wannan larura yakan wayi gari a gajiye kamar wanda ya kwana yana daka, ko da bai ɗaga tsinke ba. Idan maigida ya ce gajiya ce, gaskiya ya faɗa cewa akwai gajiya, sai dai a tambayi abin da ya kawo ta.

Game da zaman keke, abin da kika lura da shi daidai ne. Na sha ganin yadda masu ɗinki suke zama idan aiki ya yi yawa, musamman gab da salla: kujera marar majingina, ƙugu ya zame gaba, baya ya lanƙwashe, haɓa ta kusa taɓa ƙirji, ido yana bin allura. A irin wannan zama ƙasan haƙarƙari yana matsowa kusa da ƙugu, ciki ya takure, tantanin nan ya rasa wurin sauka, sai mutum ya koma yin gajeren numfashi da saman ƙirji da kafaɗu, wuya da kafaɗun kuma su yi ta ciwo da yamma. Kina iya gwadawa yanzu: ki ɗora tafin hannu ɗaya a kan cibiya, ɗaya a ƙirji, ki sunkuya kamar kina ɗinki ki ja numfashi, sannan ki miƙe ki sake ja. Za ki ji hannun ƙasa ya fi motsi a karo na biyu. Gyaran ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Ki sami kujera mai majingina, ki matsa ƙugunki har ya taɓa bayanta, ki naɗe ɗan zane ki sa a kwarin bayanki, ki jawo keken kusa da ke yadda ba sai kin miƙa wuya ba, kuma idan za ki karkata gaba ki karkata daga ƙugu, bayanki yana miƙe. Ki kula da haske, domin sau da yawa duhun ɗaki ne yake sa mai ɗinki sunkuyo, ba lalacin zama ba. Ki kuma sassauta ɗaurin ciki idan har yanzu kina yi, saboda ɗaurin da ya matse yana hana ciki buɗewa kamar yadda sunkuyo yake hanawa.

Kada ki rikita wannan da wani zama da masu haki sukan yi, wanda yake taimako ne. Idan numfashi ya sarƙe, zama a bakin gado ko kujera, ƙafafu a ƙasa, a ɗan karkata gaba, a dafa gwiwoyi ko a ɗora hannuwa a kan tebur, yana ba tsokokin kafaɗa da wuya madogara su taya ƙirji buɗewa. Bambancinsa da sunkuyon keke shi ne baya a miƙe yake, kuma hannuwa suna ɗauke da nauyin jiki. Idan tari ya tashe ki a daren yau, haka za ki zauna. Wurin barci kuma, ki ɗaga jikinki tun daga ƙugu zuwa kai, ta hanyar sa wani abu a ƙarƙashin katifa ta wajen kai ko jera matasan kamar gangare, domin tara su a ƙarƙashin kai kaɗai lanƙwasa wuya yake yi, ƙirji kuwa yana nan a kwance. Wannan sauƙi ne na kafin a ga likita, ba magani ba ne.

Idan an duba ki an ba ki izini, abin da zai amfani jikinki shi ne motsi, ba tsayuwa wuri ɗaya ba. Tun a shekarar 1953 wani likita a Ingila mai suna Jeremy Morris ya nuna cewa direbobin motocin safa masu hawa biyu na birnin Landan, waɗanda suke wuni a zaune, sun fi kamuwa da ciwon zuciya a kan kwandastocin da suke wuni suna hawa da sauka a matakala. Kwandastan ba tsayuwa kawai yake yi ba, tafiya yake yi. Tsokar sharaɓa tana aiki kamar famfo, duk takun da aka yi tana matsa jini ya koma sama, kuma wannan famfo ba ya aiki sosai a jikin wanda ya ƙame a gaban teburin guga. Idan kekenki na ƙafa ne, takawar da kike yi ma tana motsa wannan tsoka. Wani nazari da aka buga a 2020 a kan mutanen Hadza na Tanzaniya, waɗanda har yanzu farauta da tsintar 'ya'yan itace ce rayuwarsu, ya nuna cewa su ma sukan huta kusan awa 10 a rana, sai dai wani kaso mai yawa na hutun a tsugune ko a durƙushe suke yin sa, inda tsokokin ƙafa ba sa mutuwa gaba ɗaya kamar yadda suke yi a kan kujera. Abin da za ki ɗauka a nan shi ne ki riƙa sauya yanayi: bayan kowane rabin awa a kan keke ki tashi ki zaga tsakar gida na minti biyu ko uku, ki dawo. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki matsakaici na aƙalla minti 150 a mako, irin tafiya da ɗan sauri, amma ke ba za ki fara wannan ba sai likita ya ce zuciyarki za ta ɗauka.

Kafin ki je asibiti, ki rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano, ki dakatar da kunun kanwa da duk abin da aka zuba wa kanwa da yawa, domin suna riƙe ruwa a jiki. Kada ki sayi maganin sa fitsari a kemis da kanki, kada ki sha shayin rage ƙiba, kuma ki guji magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, saboda su ma suna tara ruwa, suna kuma ƙara wa zuciya mai rauni nauyi. Idan kin isa, kada ki ce wa likita kawai kina jin gajiya. Ki faɗa masa ranar da kika haihu, da adadin matasan da kike sawa, da lokacin da kika fara sa su, da tarin da yake tashin ki, da kumburin ƙafa, da ko an taɓa ce miki jininki ya hau a wurin awo. Ki tafi da katin awonki. Za a auna hawan jini, a saurari ƙirji, a gwada yawan jini, kuma ki tambaya ko za a yi miki hoton zuciya, irin na na'urar da ake ɗorawa a ƙirji kamar wadda ake duba ciki da ita, domin shi ne yake nuna ƙarfin bugun zuciyar. Ki sanar da su cewa kina shayarwa don su zaɓi magungunan da suka dace, kuma idan aka tabbatar raunin zuciya ne, maganar wani ciki nan gaba sai an zauna da likita, ke da maigida tare.

Ga maigida kuma, idan wannan amsa ta kai gare shi: Malam, na san ba da wata manufa ka ce gajiya ce ba, haka yawancinmu muka taso muna ji. Ina roƙon ka ka raka ta da kanka, ka nemo wadda za ta kama mata aikin gida da rainon yara na 'yan kwanakin nan, a kuma ba masu ɗinki haƙuri. Idan kafin gari ya waye ka ga tana haki alhali tana zaune ba ta yin komai, ko ta kasa kammala magana saboda numfashi, ko tana tofar da majina mai kumfa ko mai ratsin jini, ko ƙirjinta yana ciwo, ko ta suma, ko leɓɓanta sun canza launi, ko ƙafa ɗaya ta fi ɗaya kumbura tana ciwo, to kada a jira safiya, a kai ta sashen gaggawa a daren, kuma a ɗauke ta a zaune cikin mota, kada a kwantar da ita.

'Yar'uwa, idan an yi gwajin ki sake rubuto mini abin da aka gani, sai mu tsara yadda za ki koma kan kekenki gwargwadon abin da likita ya yarda da shi. Allah ya ba ki lafiya.